Damuwar Gida a Bakin Aiki: Inda Rufin Asiri da Alfarma Suka Gaza

A ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da makarantu na arewacin Nijeriya akwai wata nasiha da manya suka saba yi wa sabon ma'aikaci, cewa ya riƙa ajiye matsalar gidansa a bakin ƙofa idan zai shiga ofis, in an tashi ya ɗauki abarsa ya koma da ita. Manufar nasihar mai kyau ce, domin tsohon da ya zo bin haƙƙinsa na fansho, ko matar da ta kawo yaro asibiti da zazzaɓi, ba su da hannu a rikicin da ma'aikaci ya baro a gida, kuma bai kamata a huce a kansu ba. Sai dai nasihar tana neman abin da ɗan Adam ba zai iya ba, saboda hankalin da mutum ya yi lissafin kuɗin haya da shi da asuba, shi ne dai zai auna maganin majinyaci da shi da hantsi, kuma babu wanda aka ba hankali biyu, ɗaya na gida ɗaya na aiki. Abin da ya cancanci nazari shi ne ta wace hanya matsalar take shiga aiki, wa take cutarwa, kuma me ya sa hanyoyin da aka saba bi wajen magance ta, wato haƙuri da rufin asiri da neman alfarmar shugaba, suke barin mafi yawan masu matsalar ba tare da mafita ba.

Masu nazarin halayyar ma'aikata sun kasa illar kashi biyu. Na farko shi ne fashin aiki, wato ma'aikaci ya ƙi zuwa, ko ya makara, ko ya sulale kafin lokacin tashi, kuma wannan ne rajistar sa hannu da na'urar dangwala yatsa suke kamawa. Na biyu shi ne halartar jiki ba tare da hankali ba, wato mutum ya zo a kan lokaci, ya sa hannu, ya zauna a kujerarsa har la'asar, amma aikin awa ɗaya ya cinye masa yini, fayil ya kwana a teburinsa, ya rubuta sifili inda babu shi. Kashi na biyun ya fi ɓarna, domin ba ya barin alama sai bayan kuskuren ya isa ga wanda zai cutu da shi. A shekarar 1985 wasu masana biyu na Amurka, Jeffrey Greenhaus da Nicholas Beutell, sun bayyana hanyoyi uku da gida da aiki ke cin karo: ta lokaci, idan awar da ake bukatar mutum a ofis ita ce awar da ake bukatarsa a gida, ta gajiyar zuciya, idan ɓacin ran wani ɓangare ya rage masa ƙarfin da zai fuskanci ɗayan, da ta hali, idan ɗabi'ar da ta dace da wani matsayi ta bi shi zuwa inda ba ta dace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa ciwon damuwa da na fargaba kaɗai suna jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a duniya kowace shekara, abin da ya kai kimanin dala tiriliyan 1.

Daga cikin matsalolin da ke bin ma'aikaci zuwa bakin aiki, ta kuɗi ce ta fi yawa, kuma ita ce aka fi samun hujja a kanta. A 2013 mujallar Science ta buga binciken Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao, waɗanda suka gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe bashi ya yi yawa, da kuma bayan girbi lokacin da kuɗi ya shigo, suka tarar manomi ɗaya ya fi kaifin tunani da natsuwa bayan an biya shi. Bayaninsu shi ne rashi yana cinye wani kaso na hankali, domin wanda abin hannunsa bai isa ba kullum yana cikin lissafin abin da zai biya da abin da zai jinkirta, kuma wannan lissafi ba ya tsayawa don an shiga wani aiki. Masana sun yi jayayya a kan girman tasirin, amma wani gwaji da Supreet Kaur da abokan aikinta suka gudanar daga baya a jihar Odisha, a kan leburori kimanin 400 masu ɗinka faranti da ganye, ya kawo maganar cikin wurin aiki kai tsaye. An ba wasunsu wani ɓangare na ladansu kwanaki kaɗan kafin sauran, ba tare da ƙarin ko sisi ba, suka biya basussuka suka sayi kayan masarufi, kuma a kwanakin da suka biyo baya aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, kurakuran rashin lura suka ragu. Ke nan ranar biya kanta, tun kafin a zo maganar yawan abin da aka biya, tana sauya ingancin aiki, kuma duk gwamna ko mai makarantar kuɗi da ke jan albashi zuwa tsakiyar wata mai zuwa, sannan ya koka da lalacin ma'aikata, yana da kaso a cikin lalacin da yake kuka da shi.

Wannan bincike ya fi fitowa fili idan aka ɗora shi a kan halin da ma'aikacin Nijeriya ya shiga tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 a watan Oktoban 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma a lokacin buhun shinkafa mai kilo 50 ya riga ya kai wannan adadi ko ya zarce shi a kasuwanni da dama. Akwai kuma abin da takardar albashi ba ta nunawa, wato yawan bakunan da ke jiran albashi ɗaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a arewa maso yamma ya kai 6.6, alhali a kudu maso yamma 3.9 ne, kuma bayan 'ya'yan cikinsa, mai albashi a ƙasar Hausa shi ake fara kira idan ƙanwa za ta yi aure, ko an kwantar da kawu, ko za a biya wa ɗan yaya kuɗin jarrabawa. Ba shi da bakin cewa babu, tunda kowa ya san ranar da alat ke shigowa, shi ya sa ake fara jin "wata ya yi nisa" tun kwana goma da biyan albashi.

Inda albashi ya gaza, nan bashi ke shiga, kuma mai lura zai iya gane ma'aikacin da bashi ya kama ba tare da an faɗa masa ba. Ya kife wayarsa a kan tebur tana ta rawa, baƙuwar lamba ce ke kira, ya bari ta katse sau biyu, a na uku ya fita baranda ya amsa da murya ƙasa-ƙasa yana roƙon a ƙara masa kwana biyu, ya dawo ya sake karanta layin da ya riga ya karanta sau uku. Manhajojin ba da bashi ta waya sun ƙara wa wannan hali tsanani, domin wasunsu kan kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashin, in ya saɓa su aika wa shugabansa da surukansa saƙo suna kiransa macuci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista. Wani abin lura shi ne, ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun lissafa nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffukan da za a iya hukunta ma'aikaci a kansu. Hikimar ƙa'idar a fili take, domin wanda bashi ya shaƙe ya fi saurin karɓar na goro ko taɓa kuɗin hukuma, amma sakamakonta a aikace shi ne ma'aikaci ya ƙara ɓoye halin da yake ciki, kuma bashin da aka ɓoye shi ne ainihin wanda ke kai mutum ga abin da ƙa'idar ke gudu.

Jinya ita ce ta biyu, kuma a nan tsarin asibitocin ƙasar ne ke mayar da ciwon mutum ɗaya aikin gida guda. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, kuma wanda aka kwantar ba ya zama sai da mai jinya, wanda zai karɓi takardar likita ya tafi kantin magani, ya kai jini ɗakin gwaji ya jira sakamako, ya nemo wanda zai ba da jini, ya kawo kunu da ruwan zafi a filas, ya shimfiɗa tabarma a baranda ya kwana cikin sauro. Idan mai jinyar malamar firamare ce, da safe za ta wanke fuska a famfon asibiti, ta hau a-daidaita-sahu zuwa aji cike da yara, alli a hannu ɗaya waya a ɗayan, tana tsoron kiran da zai shigo. Wannan nauyi ya fi faɗawa kan mata, saboda al'ada ta ɗora musu jinyar yaro da miji da iyaye da surukai, sannan idan aikinsu ya yi rauni a ce dama mace ba ta riƙe aiki. Hukuncin rashin adalci ne, musamman da yake mai yanke shi sau da yawa wata mace ce ta ɗauke masa jinyar gidansa har ya samu isowa ofis a kan lokaci.

Duk waɗannan matsaloli suna haɗuwa ne a kan barci. Wani gwaji da Drew Dawson da Kathryn Reid suka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin lurarsa da daidaiton hannunsa kan ragu zuwa matakin wanda ya sha giya gwargwadon da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. A ofis wannan kuskuren lissafi ne da za a iya gyarawa, amma ga direban tirela a hanyar Kano zuwa Legas, ko nas mai aikin dare, ko mai kula da injin niƙa, magana ce ta rai. Mafi muni, wasu kan nemi maganin gajiyar a cikin ƙwaya, kuma binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi miliyan 14.3, daga cikinsu miliyan 4.6 masu shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba.

Ga kuma musibun da babu ƙa'idar aikin da ta yi tanadinsu. Ma'aikacin da aka sace ɗan'uwansa a hanyar Birnin Gwari ko a ƙauyukan Zamfara da Katsina yakan shafe makonni ana ciniki da shi ta waya, yana neman mai sayen gona ko fili, kuma iyalan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris, 2022, wasunsu sun jira fiye da wata shida kafin a sako na ƙarshe a watan Oktoba. Haka malamai da ma'aikatan lafiyar Maiduguri da ambaliyar madatsar Alau ta cinye gidajensu a Satumbar 2024, su ne dai aka sa ran su kula da sauran waɗanda abin ya shafa.

Ba za a ce wurin aiki a ƙasar Hausa ya rasa tausayi ba. Idan aka yi wa ma'aikaci rasuwa, abokan aiki kan cika mota su je ta'aziyya, a zagaya da takarda kowa ya rubuta abin da ya sawwaƙa, haka idan aka yi haihuwa ko gobara. Amma waɗannan matsaloli ne na fili, suna da ranar farawa da ta ƙarewa, kuma babu kunya a cikinsu. Waɗanda suka fi cin aiki su ne na ɓoye masu daɗewa: auren da ke tangal-tangal, ɗan da ya faɗa shaye-shaye, rashin haihuwa da gorin da ke biye da shi, bashi, da ciwon damuwa. A kan waɗannan, amsar da ake bayarwa ita ce "lafiya lau, sai godiya", kuma mai bayar da ita yana da madogara a tarbiyyarsa, tunda an koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rufin asiri abu ne mai daraja, yana kare mutuncin iyali, kuma ba a neman kowa ya baje sirrin ɗakinsa a ofis. Illar tana zuwa ne idan ya hana mutum neman taimakon da ke akwai. Ciwon damuwa, alal misali, cuta ce da likitoci suka sani, wadda alamominta suka haɗa da baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai na mako biyu ko fiye, da rikicewar barci da cin abinci, da kasa tattara hankali, kuma tana jin magani. Amma a wurin aiki an fi fassara ta da lalaci ko girman kai ko raunin tawakkali, kuma mai ita ya gwammace ya sha takardar tuhuma da a ce an gan shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau.

Wanda ya daure ya yi magana kuwa, hanyar da ke gabansa ita ce alfarma. Zai shiga ofishin shugaba ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, ina da ɗan uzuri a gida," shugaban ya ce, "Je ka, Allah ya sawwaƙe," shi ke nan an gama, babu takarda babu adadin kwanaki. Wannan sauƙi ya ceci mutane da yawa, kuma bai kamata a raina shi ba, amma yana da aibi uku da ba a cika faɗa ba. Yana aiki ne ga wanda ke da fuska a wurin shugaba, saboda haka masinja da mai shara da ma'aikacin wucin gadi, waɗanda suka fi kowa bukata, su ne suka fi rasa shi, haka ma macen da ba ta son kaɗaicewa da shugaba namiji tana ba shi labarin aurenta. Yana kuma mayar da haƙƙi bashi, ta yadda wanda aka yi wa alfarma yau zai ji nauyin ƙin sa hannu a takardar da bai yarda da ita ba gobe. Sannan da yake ba a rubuta komai ba, ba a sa wani ya riƙe aikin, sai mai bukata ya yi ta zarya ana ce masa mai teburin ba ya nan.

Doka ta taɓa wani ɓangare ta bar mafi yawa. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya na kwana 12 a shekara da albashinsa idan likita ya tabbatar, ta ba mai ciki mako 12 da aƙalla rabin albashi, amma ba ta ce komai ba a kan jinyar wani, ko rasuwa, ko takabar wata huɗu da kwana goma da addinin Musulunci ya ɗora wa matar da mijinta ya rasu. Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza da hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa a 2021, jihar Kaduna kuma ta mayar da hutun haihuwa wata shida a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana korar ma'aikaci don kawai yana da irin wannan lalura ko yana karɓar magani, sai dai ma'aikata kaɗan ne suka san da ita. Inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, a tsarinta na ma'aikata tana ɗaukar ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, lissafin da bai dace da gidan mai mata biyu da 'ya'ya tara da tsohuwa a ɗaki ba, alhali jinyar tsohuwar ce ta fi cin kuɗi.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai ma'aikatan da suka mayar da uzuri sana'a, waɗanda ba sa rasa ta'aziyya ko ɗaurin aure a kowane mako, kuma ofisoshin da ke zama kufai tun kafin sallar Juma'a ba duka jinya ce ta kwashe mutanensu ba. Albashi amana ce da aka karɓa a kan aiki, kuma ɗalibin da malaminsa bai shigo aji ba ya yi asarar da ba a mayar masa. Amma tsarin alfarma ne ke ba irin waɗannan mafaka, domin inda babu ma'auni, mai uzurin gaskiya da na ƙarya kamanninsu ɗaya, kuma shugaban da aka yaudara sau da yawa yakan ƙare da ƙin yarda da kowa. Rubutacciyar ƙa'ida tana kare mai gaskiya, tana kuma tona mai fakewa.

Saboda haka gyara na farko yana wuyan ma'aikatu da masu kamfani, kuma mafi yawansa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A tsayar da ranar biyan albashi a kiyaye ta. A buɗe hanyar ba ma'aikaci wani ɓangare na albashinsa kafin lokaci idan gaggawa ta taso, abin da Dokar Ƙwadago ta yarda da shi har gwargwadon albashin wata ɗaya ba tare da ruwa ba, domin wannan ya fi tura shi hannun manhajar bashi. A ƙarfafa ƙungiyoyin adashi da gama-kai na ma'aikata, irin waɗanda ke sayo shinkafa da sukari kafin azumi da ragunan layya a cire kuɗin a hankali daga albashi, tare da binciken asusunsu a kai a kai, tunda wanda aka cinye wa ajiya ya fi wanda bai yi ajiyar ba shiga damuwa. A rubuta hutun uzuri da adadin kwanakinsa, na jinya da rasuwa da takaba da musiba, ya zama ɗaya ga darakta da masinja, kuma kowane tebur ya kasance yana da wanda zai riƙe shi idan mai shi ba ya nan. Jihar Kaduna ta gwada aikin kwana huɗu a mako tun Disambar 2021, wanda ya rage wa ma'aikata kuɗin mota ya ba su yini guda na hidimar gida, amma ciwo da haihuwa ba sa jiran ranar Juma'a, kuma sassaucin da ake bukata shi ne wanda mutum zai samu a ranar da matsalar ta zo.

Gyara na biyu ya shafi shugaban da ke kusa da ma'aikaci, wato shugaban sashe ko hedimasta ko babbar nas, domin shi ne ke fara ganin canji. Jagororin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 sun ba da shawarar a horar da irin waɗannan shugabanni su gane alamun damuwa su kuma san yadda za su yi magana. Hanyar da ta fi dacewa ita ce shugaba ya kira mutum a keɓe, ya tsaya a kan abin da ya gani a aiki, kamar makara ko kuskuren da ba a saba gani daga gare shi ba, ya tambaye shi ko akwai abin da za a sassauta masa, ba tare da tilasta masa bayyana abin da ke ɗakinsa ba, sannan su yi yarjejeniya a kan lokacin da za a sake duba lamarin. Sharaɗin duk wannan shi ne riƙe sirri, domin ranar da labarin ma'aikaci ɗaya ya fita daga ofishin shugaba zuwa majalisar masu shayi, babu wanda zai sake buɗe baki. Harkar jiragen sama ta koyi wannan da tsada. Ranar 24 ga Maris, 2015, mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings ya faɗa da jirgin da gangan a tsaunukan Faransa, mutum 150 suka mutu, bincike kuma ya nuna yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ya ɓoye wa kamfaninsa takardun likita da suka hana shi aiki. Masu binciken Faransa sun lissafa tsoron rasa lasisi da abin dogaro cikin dalilan da ke sa matuƙa yin shiru, daga baya Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin jirage samar da shirin tallafi da matuƙi zai kai kukansa ba tare da fargabar hukunci ba. Irin wannan shiri, wanda ya samo asali a masana'antun Amurka a shekarun 1940 don taimakon ma'aikata masu shan giya, ana iya daidaita shi da yanayin arewa, inda limamin masallacin ma'aikata ko fasto ko wata dattijuwa da ake jin nauyinta za su iya zama ƙofar farko, muddin sun san iyakarsu, sun kuma san lokacin da nasiha za ta miƙa mutum ga likita.

Shi ma ma'aikacin akwai abin da ke wuyansa. Ya yi magana da wuri, tun kafin kuskure ya yi magana a madadinsa, kuma ba lallai ne ya faɗi komai ba, ya isa ya ce yana cikin wani hali na iyali da zai ɗauki mako kaza, ga abin da yake roƙo. Ya rubuta basussukansa duka a takarda ɗaya, ya fara da mai ruwa mafi tsada, domin lissafin da ke kan takarda ya daina kewaya a ka. Ya zauna da 'yan'uwansa a raba jinya da hidimar iyaye da kwanaki da kuɗi, ya kuma sanar da iyalinsa ainihin abin da yake samu, tunda yawancin rigimar cefane daga zaton akwai take tasowa. Rikicin aure a kai shi ga waliyyai ko zauren sulhu tun yana ƙarami. Wanda aikinsa ya shafi rayuka kuwa, idan ya san bai runtsa ba ko hankalinsa ba ya jikinsa, faɗin haka da neman a canje shi a wannan rana yana cikin cika amana, kuma addu'a da haƙuri ba su taɓa hana mumini zuwa asibiti ba.

Sauran magana tana wurin ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda suka saba tattara ƙarfinsu duka a kan adadin albashi, su bar sharuɗɗan aiki a hannun shugabannin ofis. Gyaran dokar albashi da aka yi a 2024 ya rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wanda ke nufin za a koma teburin tattaunawa a 2027. Ya kamata ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa da ta malamai da ta ma'aikatan jinya su je da bukatu rubutattu bayan adadin naira: tsayayyiyar ranar biya da tarar da za ta hau kan wanda ya saɓa, hutun jinya da na takaba a cikin doka, faɗaɗa inshora ta ɗauki iyaye da sauran 'ya'ya a kan kuɗi mai sauƙi, da sake duba ƙa'idar da ke hukunta mai bashi ta yadda wanda ya kai kansa da wuri zai samu shawara da tsarin biya maimakon tuhuma. Kuma su sa malaman makarantun kuɗi da ma'aikatan gidajen mai da masu gadi a cikin lissafin, domin yawancinsu ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma kwana uku na jinya ya isa a maye gurbinsu da wani.